Ganga Dogarau

Shekara ashirin da huɗu ina jan tirela
daga tashar jirgin Gaundare har Kuseri.
Na iya Faransancin jandarma da takarda,
Fillancin mai abinci, Larabcin cinikin taya.
Ingilishi ne ya tsaya mini a wuya
ran da kamfani ya ce in babu shi, babu lodin Najeriya.

Sai na sayi littafi mai shafi ɗari,
na zauna bencin yara, gwiwa na dukan tebur,
a ajin dare na Madam Bih, bayan gareji,
'yar Bamenda ce, Hausarta ta kasuwar Abakwa.

Ta ce jimla tana da gaɓoɓi.
Wani littafin Yola da ta aro ya kira su ganga.
Na yi dariya har alli ya tsaya.
Ganga ai na santa, Madam,
ta gas, ta manja, ta kwalta,
na sha ɗaure ta da igiya cikin ruwan sama.

Ta ce wannan ba ta yoyo.
Kowace da mai yi a gaba, da aikinsa a baya.
Ko ruwa ake yi, su can ba sa cewa ana ruwa,
sai sun samo wani ɗan tsaki sun zaunar kujerar direba.
Wata ganga tsayayya ce: Garga ya tafi. Aya.
Wata dogarau: saboda Garga ya tafi,
ta bar hannunta a sama, tana kallonmu.
Muka jira. Ta ce, to kun ji, jiran nan shi ne alamarta.

Na ce, ashe kan mota ne da bodi.
Kai shi kaɗai yana isa Garwa ya sha shayi.
Bodi kuwa, cika shi da siminti tan talatin,
in ba a saƙala masa kai ba
kaji ne za su yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Daga nan na fara kamawa.
Idan, saboda, ko da yake, lokacin da:
ƙugiyoyi ne, da girman ƙarfe daban daban.
In bodi ya riga kai shigowa, a sa masa waƙafi,
kamar wejin da yarona Hamajoda ke jefawa a gangaren Falez.
Laifina ɗaya, lodi.
Ganga tara na ɗaura a jimla guda,
jan bironta ya tare ni kamar ma'aikacin sikeli:
sauke shida, Baba Ubale, gada ba za ta ɗauka ba.

Wata Talata wuta ta ɗauke, aka kunna waya.
Ta juya allo za ta ba mu misali,
ta rubuta da Turancinta mai kyan hannu:
lokacin da na koma gida
Alli ya karye.
Ta tsaya da guntun, ba ta duƙa neman ɗayan ba.
Wata yarinya ta ce, Madam, ba ta cika ba.
Ta ce, i. Shekara shida ke nan.
Sannan ta kakkaɓe hannu: aikin gida, ku ƙarasa.

Na ɗauki rabin jimlar nan har Marwa.
Na gwada mata kai a gadar Binuwai, bai shiga ba.
Zan ga uwata? Ban sani ko tana nan ba.
Zan buɗe ƙofa? Wa ya ce an bar ƙofa.
Hamajoda ya yi zaton lissafin mai nake yi.

A Kuseri, ana jiran kwastan, na rubuta a kan sitiyari
abin da na san ina da shi:
lokacin da kika koma gida ni zan kai kayanki ba ko sefa.

Ta daɗe tana karantawa, fiye da tsawon layin.
Ta cire tabarau, ta mayar.
Sai ta ɗauko jan biro
ta ɗiga waƙafin da na manta bayan gida,
ta ba ni sha huɗu bisa ashirin.